Tarihin Marigayi Furofesa Ayodele Awojobi

Edita ya nemi ko wane ɗalibi da ya komo daga gwajin koyarwa ya rubuta abin da ya ƙaru da shi, domin amfanin 'yan'uwa da za su fita baɗi. Ni an tura ni wata makaranta ce a Ebute Metta, cikin Ikko, na yi mako goma sha biyu ina koyar da lissafi da kimiyya. Babban abin da na ƙaru da shi kuwa daga wurin wani mutum ya fito wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. Saboda haka na ga ya kamata in ba da tarihinsa, in kuma faɗi yadda aka yi har na san shi.

A Wusasa ta Zariya aka haife ni, a makarantar mishan ta can na yi karatuna na fari. Da na zo Ikko sai na sauka gidan kawuna, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi murabus. Ebute Metta kuwa, kamar yadda kowa ya sani, nan ne hedkwatar jirgin ƙasa ta Nijeriya, kuma hanyar jirgin nan ita ta kawo Hausawa da yawa wannan gari, waɗansu fataken goro, waɗansu na shanu, waɗansu ma'aikata. A ajin da aka ba ni akwai 'ya'yan Hausawa shida, dukansu a bencin baya su ke zama. Ɗaya daga cikinsu kullum in an zo lissafi sai ya sunkuyar da kai. Ran nan na yi masa tambaya sau uku bai amsa ba, raina ya ɓaci, na gaya masa a gaban 'yan aji cewa kansa ba na lissafi ba ne, gara ya koma rumfar ubansa. Yara suka yi dariya. Kashegari bai zo makaranta ba, jibi ma haka.

Abin ya dame ni ƙwarai, gama na san na yi laifi. Da Asabar ta zo na fita yawo don in sami sararin tunani, na bi titin Herbert Macaulay na nufi Yaba, har na kai shataletalen Onike. A nan na tarar da mutum-mutumin wani mutum cikin ɗan lambu, da sunansa a rubuce: Furofesa Ayodele Awojobi. Da na komo gida na tambayi kawu, sai ya yi murmushi, ya ce ai wannan ɗan makarantar Zariya ne, a garinmu ya koyi injiniya, kuma a zamaninsu ba wanda ke karanta jarida a Ikko da bai san sunansa ba. Daga nan na shiga neman labarinsa. Ga abin da na samu.

An haifi Ayodele Awojobi ran 12 ga watan Maris 1937 a Oshodi, kusa da Ikko. Ubansa, Cif Daniel Adekoya Awojobi, mutumin Ikorodu ne, uwarsa kuwa daga Modakeke ta fito, kusa da Ile-Ife. Ya yi makarantar elementare ta St. Peter's da ke Faji, cikin tsibirin Ikko, daga 1942 zuwa 1947. Daga nan ya shiga makarantar sakandare ta C.M.S., wadda ita ce sakandare ta farko a Nijeriya duka. A 1859 aka buɗe ta, wanda ya kafa ta kuwa shi ne Thomas Babington Macaulay, uban Herbert Macaulay ɗin nan mai titin da na bi.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Tun yana sakandare malamansa suka lura Allah ya ba shi kai. Wata shekara makarantar ta shirya wasan kwaikwayo na Shekisfiya mai suna Macbeth, saura mako guda a yi wasa sai yaron da aka ba babban matsayi ya kwanta ciwo. Aka ce Ayodele ya maye gurbinsa. Kafin ranar wasa ya haddace nasa rabo, ya kuma haddace na sauran 'yan wasa, har in wani ya manta shi ke tuna masa. Tun daga ran nan sunan wasan ya bi shi, abokansa ba su kiransa da wani suna sai shi. A 1955 ya ɗauki jarrabawar gama sakandare ta Afirka ta Yamma, ya ci darasi takwas da matsayi mafi girma.

A zamanin nan akwai wata babbar kwalej ta Gwamnati mai koyar da fasaha da kimiyya da sana'a, tana da rassa uku, ɗaya a Zariya, ɗaya a Badun, ɗaya a Inugu. Ya fara shiga reshen Badun, inda ya ci babbar jarrabawa a 1958 cikin kimiyyar fizik da lissafi iri biyu. Sa'an nan ya hau jirgi zuwa Zariya, domin a can ne a ke koyar da injiniya. Ɗaliban wannan sashe jarrabawar Jami'ar Landan su ke ɗauka, digirin Landan kuma a ke ba su. A 1962 ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a fannin injiniyan injuna. Abokan karatunsa sun ba da labari cewa karatun shekara huɗu ne, shi kuwa cikin uku ya gama. A cikin wannan shekara ce, watan Oktoba, reshen Zariya ya zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello. To, kun ga ashe mu mutanen Arewa muna da rabo a cikin wannan mutum, gama ruwan Samaru ya sha kafin duniya ta san shi.

Gwamnatin Tarayya ta ba shi sukolashif, ya tafi Kwalejin Imfiriyal ta Jami'ar Landan, ya sami digirin dakta. Abin da ya bincika shi ne girgizar injuna, da yadda ƙasa ke amsa wannan girgiza. Da na fara jin haka na ɗauka ƙaramin abu ne, amma da na fahimta sai na ga ya shafi ko wane gida da ke kunna fitilar lantarki. Bari in bayyana yadda na gane shi.

Ko wane abu yana da saurin rawarsa na kansa. Duba lilo. In ka tura yaro a kan lilo daidai lokacin da lilon ke komawa, ko da ɗan yatsa ka ke turawa, sai ka ga yana ta ƙara tashi sama. In kuwa ka tura ba bisa lokaci ba, ƙarfinka ya tafi a banza. Haka gini ya ke, haka gada ta ke. A 1831 wata gada a Broughton, kusa da Mancesta a Ingila, ta karye sa'ad da soja ke ƙetare ta da tafiyar fareti, ƙafa ɗaya, tun daga nan kuwa aka umurci soja su riƙa warware tafiya in sun hau gada. Yanzu ka tuna da injin da ke ba da wutar lantarki. Wutar ƙasarmu tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa guda, saboda haka babban janareta irin wanda tururi ke juyawa yakan yi juyi 3,000 cikin minti guda, nauyinsa kuwa tan-tan ne masu yawa. A kan wani jibgegen dandamalin kankare a ke kafa shi, dandamalin kuma a kan ƙasa ya ke zaune. In saurin injin ya zo daidai da saurin rawar dandamalin da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, sai girgiza ta yi ta ƙaruwa kamar lilon nan, har kankare ya tsage, ƙusoshi su kwance, inji ya lalace, gari ya kwana cikin duhu. Dole ne injiniya ya san wannan sauri tun kafin a zuba siminti, ya tsara dandamalin yadda saurin nan biyu ba za su gamu ba.

Wahalar ita ce ƙasa ba ta da iyaka irin ta ƙarfe ko katako da a ke iya aunawa a ɗakin gwaji. Ta miƙe gabas da yamma, ta nutsa ƙasa, girgizar da ta shige ta kuma takan bazu ta tafi da wani ƙarfi. Awojobi ya zauna ya fitar da lissafin yadda abu mai nauyi ke rawa a kan irin wannan shimfiɗa marar iyaka. A 1965 shi da malaminsa Peter Grootenhuis suka buga wannan aiki a mujallar Royal Society, watau jam'iyyar masana ta Ingila da aka kafa tun 1660. A 1973 kuma shi da Furofesa R. E. Gibson suka buga wani aiki a kan ƙasar da taurinta ke ƙaruwa gwargwadon zurfinta, wadda ita ce ta fi kama da ƙasar da magina ke tararwa in sun yi haƙa. Masu tsara harsashin manyan injuna a ƙasashe da yawa sun yi amfani da waɗannan ayyuka. Mu da ke zaune kusa da tsohuwar tashar lantarki ta Ijora, wadda ta fara aiki a 1923, ya kamata mu fi kowa gane muhimmancin abin. Madatsar Kainji da aka gama a 1968, da tashar Egbin kusa da Ikorodu, garin ubansa, wadda ta fara ba da wuta bayan rasuwarsa, da manyan wayoyin nan masu ɗaukar wuta mai ƙarfin bolt 330,000, dukansu ba su da amfani in injin da ke can tushe bai zauna daram a mazauninsa ba.

A 1966 ya bar Ingila. Ya komo gida ya kama aikin koyarwa a Jami'ar Ikko da ke Akoka, wadda a lokacin shekararta huɗu kaɗai da kafuwa. A 1974 Jami'ar Landan ta ba shi babban digirin Dakta na Kimiyya. Wannan ba digirin da a ke zama a aji a samu ba ne, sai masana sun tattara dukan abin da mutum ya buga, sun auna, sun tabbata ya ƙara wa duniya ilmi. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya same shi a fannin injiniyan injuna daga Kwalejin Imfiriyal, yana da shekara 37. Labari ya iso Ikko bai daɗe ba da aka ɗaga shi zuwa matsayin mataimakin furofesa, sai hukumar jami'a ta sake zama ta mai da shi cikakken furofesa, tsakanin ƙarin girman nan biyu mako guda ne kurum. Mutane suka riƙa kiransa Ƙaton Akoka.

Bai tsaya ga alli da takarda kaɗai ba. Ran 2 ga watan Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu irin na Ingila, ta koma hannun dama kamar maƙwabtanmu, Nijar da Dahomey da Cadi da Kamaru. Motocin da ke ƙasar a lokacin sitiyarinsu a dama ya ke. Awojobi ya ɗauki motar gidansa, ƙirar Opel, ya mai da sitiyarinta hagu. Ya kuma ɗauki wata jif irin ta soja ya sake mata tsari, ya sa mata sitiyari biyu, gaba da baya, da kujerar direba mai juyawa, ya gyara giyarta yadda za ta yi tafiya da giya huɗu ko ta wace fuska. In ta shiga lungun da ba wurin juyawa, direba ya juya kujerarsa kawai ya kama ɗaya sitiyarin. Ya sa mata suna Autonov 1. Ba a kai ga ƙera irinta don sayarwa ba, abin baƙin ciki, amma ɗalibansa sun gani da idonsu cewa ɗan ƙasa yana iya buɗe injin Bature ya sake masa fasali. Gani ya kori ji.

Akwai wani gefe na rayuwarsa da ba zan ɓoye ba. Mutum ne mai zafi a kan al'amuran ƙasa, kuma mabiyin Cif Obafemi Awolowo ne. A zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ya yi ta kai Gwamnati ƙara kotu, yana kuwa tsayawa da kansa gaban alƙali, har ya shiga karatun shari'a don ya iya kare maganarsa. Yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan zancen Naira miliyan dubu biyu da ɗari takwas na kuɗin man fetur da aka ce sun ɓace. Gwamnati ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Ayo Irikefe a 1980, kwamitin kuwa ya ce kuɗin ba su ɓace ba. Bayan zaɓen 1983 ma ya koma kotu yana cewa an yi maguɗi. Kawuna ɗan jam'iyyar Shagari ne a lokacin, ya gaya mini sau da yawa maganganun Furofesa sun ɓata masa rai. Amma ya ce abu guda ba ya musu, mutumin da takarda da hujja ya ke faɗa, gaban alƙali ya ke kai kukansa, bai taɓa aika 'yan iska su ƙone gidan kowa ba. Ni ban kawo wannan don in jawo kowa ga ra'ayinsa na siyasa ba. Kowa da nasa. Na kawo ne don a san mutumin yadda ya ke.

Ya rasu ran 23 ga watan Satumba 1984, yana da shekara 47, aka binne shi a Ikorodu. Bayan shekara 25, watau a 2009, Gwamnan Jihar Ikko, Babatunde Fashola, ya buɗe mutum-mutumin nan da lambun da na tarar a Onike. Allah ya jiƙansa.

Yanzu in komo ga abin da ya fi shafarmu mu masu koyon aikin malanta. Ban da laƙabin nan biyu da na ambata, yana da na uku, wanda ɗalibansa suka sa masa. Kalmomi biyu ne na Turanci, ma'anarsu abu mai sauƙi ƙwarai, domin in ya warware lissafi mai wuya a kan allo haka ya kan ce da shi. Da na fara jin wannan sai na ce a raina, ai mai kai irin nasa dole kome ya zame masa da sauƙi, mu fa? Har na ga kamar maganar tana iya karya zuciyar yaron da bai gane ba. Amma da na duba sauran ayyukansa sai na sake tunani. Mutumin da Royal Society ta buga aikinsa ya zauna ya rubuta littattafai don 'yan makaranta, na zanen injiniya da na misalan lissafi da aka warware daki-daki. Ya kuma karɓi shugabancin hukumar kula da makarantu ta Jihar Ikko. Wanda ya raina masu jinkirin ganewa ba ya ɓata lokacinsa a kan irin wannan aiki. Sai na gane sauƙin nan ba daga sama ya ke faɗowa ba. Malami ne ke shan wahalar a ɗakinsa da dare, ya farfasa abu mai wuya ƙanana-ƙanana, ya nemo misalin da yaro ya sani, sa'an nan da safe ya kawo shi aji da sauƙi. In yaro bai gane ba, wurin da za a fara dubawa shi ne shirin malami. Ni kuwa da ban shirya ba, sai na ɗora laifin a kan yaro.

Ran Lahadi da la'asar na roƙi kawu ya raka ni gidan su yaron. Muka gai da ubansa, na faɗi abin da na yi, na ba da haƙuri. Uban ya yi mamaki ƙwarai da malami ya tako don wannan, ya ce gobe yaro zai komo. Daren nan ban yi barci da wuri ba, ina shirya darasi.

Ran Litinin na shiga aji da rula da igiya da dutse. Na danne rula a bakin tebur na kaɗa ta, yara suka ji ƙararta. Na rage tsawon da ya fito waje, suka ji ƙarar ta ƙara kaifi. Na ɗaure dutse a igiya muka yi lilo, muka ƙidaya sau nawa ya ke kai da komowa cikin minti guda, muka gajarta igiyar muka sake ƙidaya, muka rubuta a allo. Na ba su labarin Furofesa da janareta. Sa'an nan na tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin inji yana girgiza gini. Aji ya yi tsit. Can sai na ga hannu ya tashi daga bencin baya. Yaron nan ne. Ya ce akwai injin niƙa kusa da rumfar ubansa, kuma ya lura ba sa'ad da injin ke gudu sosai ya fi girgiza ba, sai an kashe shi yana rage gudu, akwai wani ɗan lokaci da kwanukan rumfa duka za su ɗauki rawa, sa'an nan su yi shiru. Ya ce ya daɗe yana mamakin dalili.

Jama'a, abin da yaron nan ya lura da shi, shi ne ainihin abin da Furofesa ya yi shekaru yana lissafawa. Injin yana rage gudu ne har saurinsa ya zo daidai da saurin rawar mazauninsa, ya wuce. Na gaya wa 'yan aji haka, na sa shi ya fito ya sake faɗi da ƙarfi kowa ya ji. Wannan shi ne yaron da na ce kansa ba na lissafi ba ne.

Ba zan ce kafin in bar makarantar ya zama na ɗaya a aji ba, gama bai zama ba. Har yanzu raba dogon lissafi yana ba shi wuya. Amma ya bar bencin baya, ya jawo biyu daga cikin 'yan'uwansa, kuma bai sake fashin makaranta ba har na gama mako goma sha biyuna.

'Yan'uwana da za ku fita baɗi, kaɗan ne daga cikinmu za su zama furofesa, watakila ma babu. Amma Awojobi ma wani malamin elementare ne a Faji ya fara koya masa ɗaya da ɗaya, waɗansu malamai kuma a Zariya suka ɗora. Ba mu san wanda ke zaune a bencin bayanmu ba. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, tun yana ɗanye kuma a ke karya shi, ni kuwa saura kaɗan in karya ɗaya da bakina. Wanda aka tura Ebute Metta ko Yaba a cikinku, ya daure ya taka zuwa Onike ya ga mutum-mutumin, ba nisa. In ya komo masauki kuma ya zauna ya shirya darasin gobe sosai kafin ya kwanta.